Kifin Salmon Bai Taɓa Neman Gashin Ba

A kan ƙugiyar kamun kifi guda ɗaya, wadda tsawonta bai wuce na ɗan yatsa ba, ana iya tara gashin tsuntsaye fiye da 12, waɗanda a raye ba za su taɓa haɗuwa a daji ɗaya ba. A wutsiya akwai tukkun wani dangin kaza na ƙasar Sin, mai sheƙi kamar zinariya. Kusa da shi an naɗa baƙin gashin jimina kamar zobe. Rabin jikin na baya alharini ne rawaya, na gaba kuma baƙi, an zagaye su da zaren azurfa. A maƙogwaro ga gashin zabo da ɗigo-ɗigonsa. A fiffike an jera na talotalo da na ɗawisu da na tuje da na agwagwar daji, a kumatu kuma an ɗora wani ɗan shuɗin gashi na tsuntsun da ke dazuzzukan Amurka ta Kudu. Sunan wannan haɗi Jock Scott. An ƙirƙire shi wajen tsakiyar ƙarni na 19, aka kuma sa masa sunan wanda ya fara ɗaura shi, wani ɗan Sukotland da ke yi wa wani basarake hidimar kamun kifi.

Turawan Birtaniya suna kiran irin wannan abu "ƙuda", duk da cewa babu ƙuda ko ƙwaro a duniya da ya yi kama da shi. An yi shi ne don a jefa wa kifin salmon a kogunan Sukotland da Ailan da Norwe da Kanada. Yau ba kasafai ake jefa irinsa a ruwa ba, amma akwai mutane a Amurka da Turai da Japan da ke raba dare suna ɗaura shi don sha'awa kawai, su sa shi cikin gilashi su rataye a bango.

Wannan sha'awa ta cancanci girmamawa, domin aikin hannu ne na gaske. Sai dai wata aƙida ta shige ta, mai cewa ƙudan fatsa bai cika na asali ba sai an sa masa gashin ainihin tsuntsun da littattafan zamanin Sarauniya Victoria suka ambata, ko da tsuntsun yana gab da ƙarewa. Aƙidar ba ta da tushe a wajen kifin, ba ta da tushe a tarihin sana'ar, kuma ta riga ta jawo ɓarnar da ba ta gyaruwa.

Kifin da ya daina ci

Ana ƙyanƙyashe salmon na Tekun Atlantika a cikin tsakuwar rafuka masu sanyi. Yakan yi 'yan shekaru a kogi yana ƙarami, sannan ya gangara teku, ya yi tafiyar dubban kilomita zuwa wuraren kiwo irin na gaɓar Girinland da tsibiran Faro. A can yake girma, ya tara kitse. Bayan shekara ɗaya zuwa uku sai ya juyo, ya nemo kogin da aka ƙyanƙyashe shi, yana bin ƙamshin ruwansa, don ya hayayyafa. Da zarar ya shigo kogin sai ya daina cin abinci. Kitsen da ya tara a teku shi ke riƙe shi, wani lokaci har watanni masu yawa.

Masuncin da ya soka tana a fatsa yana yaudarar kifi mai jin yunwa ne. Mai jefa wa salmon ƙuda kuwa yana tsokanar kifin da ya riga ya rufe bakinsa. An daɗe ana kawo dalilan da ke sa shi kai cafka. Wasu sun ce fushi ne da kare wurin kwanciya. Wasu sun ce tsohuwar ɗabi'ar farauta ce ke motsawa. Wasu kuma sun ce son sanin abu ne, tunda kifi ba shi da hannun taɓawa sai baki. Ko wanne aka ɗauka, babu wanda ke buƙatar kifin ya bambance gashin tsuntsun Barazil da na kazar gida da aka rina.

An ma gwada an gani. A farkon ƙarni na 20, wani mai suna A. H. E. Wood, wanda ya shafe shekaru yana kamun salmon a Cairnton da ke bakin kogin Dee, ya yi ta rage gashin ƙudajensa yana ganin kifi bai fasa kamawa ba, har ya kai ga jefa ƙugiya tsirara da aka shafa wa jan fenti ko shuɗi, kuma ya kama kifi da ita. Daga tsakiyar ƙarnin, masunta suka koma wa ƙudaje masu fiffiken gashin dabba, irin na jelar kurege da na barewa, domin sun fi araha, sun fi ƙarko, sun kuma fi motsi a ruwa. Abin da masunci ke lura da shi yanzu shi ne girman ƙudan, da zurfin da yake tafiya, da saurinsa, da sanyin ruwa. Adon nan mai hawa-hawa tun farko na mai kallo ne a bakin gaɓa.

Yadda ado ya shigo

Ƙudajen farko na kogunan Sukotland ba su da wani ƙyale-ƙyale. Mutanen kwarin kogin Spey suna haɗa nasu da ulu, da gashin zakaran gidajensu, da na zalɓe, da na agwagwar daji. Abin da ke kusa shi ne kayan aiki. Salon launuka masu ɗaukar ido daga Ailan ya ɓullo, kuma mutane irin su William Blacker, ɗan Ailan da ya buɗe kanti a Landan ya kuma wallafa littafinsa a 1842, suka yaɗa shi. Da salon ya isa kogin Tweed, wasu tsofaffin masunta sun karɓe shi da ƙorafi. Ke nan abin da ake kira gargajiya yau, a ranar da ya zo baƙon abu ne.

Abu biyu suka ba shi gindin zama. Na farko shi ne matsayi. Gidan sarautar Birtaniya ya sayi Balmoral, a bakin kogin Dee, a 1852, jirgin ƙasa kuma ya sauƙaƙa zuwa arewa, sai kamun salmon ya zama wasan sarakuna da attajirai. Koguna mallakar masu ƙasa ne, ana biyan kuɗi mai yawa kafin a jefa ƙugiya. Mutumin da ya biya wannan kuɗi yana son akwatin ƙudajensa ya nuna ko shi wane ne.

Na biyu shi ne kasuwa. A ƙarni na 19 Landan ce cibiyar cinikin gashin tsuntsu ta duniya, saboda yayin hulunan mata da ake ƙawatawa da gashi, wani lokaci ma da tsuntsu sukutum. Jiragen ruwan daular suna sauke fatun tsuntsaye daga Indiya da Amurka ta Kudu da tsibirin Niyu Gini. Ƙasar Hausa ma tana cikin masu ciyar da wannan kasuwa: gashin jimina yana cikin manyan kayan da ayari ke ɗauka daga Kano da Borno, ya keta Sahara zuwa Tarabulus, daga can a wuce da shi Landan da Faris. Masu ɗaurin ƙuda suna tsintar abin da wannan babban ciniki ya zubo ne. Gashin da yau ake nema ruwa a jallo, a lokacin yana kantin da ke kan layi.

A 1895 George Kelson ya wallafa littafinsa mai suna The Salmon Fly, wanda ya tattara haɗe-haɗe kusan 300, kowanne da jerin kayansa dalla-dalla. Kelson ya yi imani cewa zaɓen ƙuda ilimi ne mai ƙa'ida, cewa kowane yanayin ruwa da haske yana da haɗin da ya dace da shi. A 1914 T. E. Pryce-Tannatt ya fitar da nasa littafin, How to Dress Salmon Flies. Waɗannan biyu su ne madogarar masu sha'awar har yau. Amma kafin ma littafin Kelson ya fito, jama'a sun fara ƙyamar kisan tsuntsaye don ado. A 1889 Emily Williamson ta kafa ƙungiyar mata a Manchester don yaƙar cinikin, ita ce ta zama ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB. A 1921 majalisar Birtaniya ta yi dokar hana shigo da gashin tsuntsayen daji. Kasuwar da ta haifi ƙudan ado ta mutu, littattafan suka wanzu.

Abin da hannu ke yi

Wanda bai taɓa ganin ana ɗaura wannan ƙuda ba zai iya zaton tarin gashi ne aka manna. Babu manni a ginin jikinsa. Komai da zare ake kama shi, zare siriri da aka shafa wa kaki, kuma kowane zagaye ana lissafa shi, domin zagaye biyu na banza suna iya sa tudu ya fito a ƙarƙashin alharinin da ya kamata ya kwanta sumul. Tsofaffin ƙugiyoyin ba su da ido, don haka sai an murɗa wani farin zare mai ƙarfi da ake samu daga cikin tsutsar alharini, a yi masa hanci, a ɗaure a kan ƙarfen. Magabata da yawa ma a tsakanin yatsu suke riƙe ƙugiyar, ba tare da wani ƙarfen matsewa ba, kuma akwai masu bin wannan hanya har yanzu.

Fiffike shi ne wurin da gwani ke rabuwa da ɗan koyo. Kowane silin gashin tsuntsu yana da ƙananan ƙugiyoyi da ido ba ya gani, su ne ke sa gashi ya koma ya haɗe idan aka shafa shi bayan ya tsage. Mai ɗauri yakan yanko sili biyu ko uku daga gashin talotalo, ya yanko daga na tuje, ya yanko daga wanda aka rina ja ko shuɗi ko rawaya, ya jera su gefe da gefe, ya yi ta shafawa har su kama juna su zama kamar gashi ɗaya mai ratsi-ratsi. Aurar da gashi suke ce wa wannan aiki. Sai an yi na dama daga gashin ɓangare ɗaya, na hagu daga ɗayan, sannan a ɗora su a kan ƙugiya a matse da zare ba tare da sun karye ko sun karkace ba. A ƙarshe duk wannan kaya, wanda ya haura ashirin, dole ya ƙare a ɗan kai ƙarami. Ƙuda ɗaya yana iya cin sa'o'i da yawa, gwanintar kuma shekaru.

Mai cewa wannan ɓata lokaci ne, tunda ba za a kama kifi da shi ba, bai yi wa aikin adalci ba. Zuwan keken ɗinki bai rage darajar hular da aka ɗinka da allura ba, zuwan injin ɗab'i kuma bai kashe kyan rubutun hannu ba. Akwai ayyukan da amfaninsu shi ne abin da suke koya wa mai yinsu: haƙuri, da kaifin ido, da sanin halin kayan aiki. Megan Boyd, wadda ta rayu daga 1915 zuwa 2001, ta shafe kusan duk rayuwarta tana ɗaurin ƙuda a wata 'yar rumfa kusa da Brora a arewacin Sukotland. Ba ta kamun kifi. Duk da haka masunta daga ƙasashe da dama suna jiran layi don samun aikinta, Yarima Charles yana cikin masu sayen kayanta, kuma an ba ta lambar yabo ta daular Birtaniya a 1971. Abin da ake nema a wurinta daidaito ne da ƙarko, wato abin da ke cikin yatsunta.

Daren Tring

Daga wajejen shekarun 1980 sha'awar tsofaffin ƙudaje ta farfaɗo, musamman a Amurka, a matsayin aikin ado. Da intanet ta zo, masu yi suka san juna, suna nuna hotunan aikinsu, suna saye da sayarwa. A nan ne gasar ta sauya fuska. Yabo ya fara karkata daga wanda ya fi iya ɗauri zuwa wanda ya mallaki gashin da wasu ba su da shi. Farashin 'yan gasu kaɗan na wasu tsuntsaye ya yi tashin gwauron zabo, fata guda kuma ta kai kuɗin da ke sa mutum tunanin abin da bai kamata ba.

A garin Tring, arewa maso yamma da Landan, akwai reshen gidan adana halittu na Birtaniya, wanda asalinsa tarin Walter Rothschild ne. Yana ajiye da fatun tsuntsaye fiye da 700,000, ɗaya daga cikin mafi girman irin wannan ajiya a duniya. A wani dare na watan Yunin 2009, Edwin Rist, Ba'amurke ɗan shekara 20 mai koyon busa sarewa a wata babbar makarantar kiɗa ta Landan, wanda kuma ya riga ya yi suna a ɗaurin ƙuda, ya fasa taga ya shiga da akwati. Ya fita da fatu 299. A cikinsu akwai tsuntsayen Niyu Gini da ake wa laƙabi da tsuntsayen aljanna, da shuɗɗan tsuntsayen Amurka ta Kudu da ake sawa a kumatun Jock Scott, da mai jan ƙirji da ake sawa a wutsiyarsa. Wasu daga cikin fatun Alfred Russel Wallace ne ya tattaro su da hannunsa a tafiyar da ya yi a tsibiran kudu maso gabashin Asiya daga 1854 zuwa 1862.

An yi makonni kafin ma'aikata su gane abin da ya ɓace. Ba a kama Rist ba sai a Nuwamban 2010, bayan wani mai ɗaurin ƙuda ya tsegunta wa 'yan sanda. A 2011 kotu ta yanke masa ɗaurin je-ka-gyara-halinka na wata 12, daga baya aka umurce shi ya biya fam 125,150. 'Yan sanda sun samu fatu 174 a wurinsa, amma 102 ne kawai ke ɗauke da 'yar takardar da ake ɗaure wa kowane tsuntsu a ƙafa. Sauran an cire musu, wasu an fige su an zuba gashin cikin ƙananan ledoji don sayarwa. Kirk Wallace Johnson ya bi diddigin labarin a littafinsa The Feather Thief na 2018.

Wannan 'yar takarda ita ce dukiyar. A jikinta ake rubuta inda aka samu tsuntsun, da ranar, da wanda ya samo shi. Da ita, fatar shaida ce ta yadda wani daji yake a wata shekara. Ba tare da ita ba, mushe ne mai kyan launi. Misali ɗaya ya isa ya nuna amfanin irin wannan ajiya. A 1967 Derek Ratcliffe ya auna ɓawon ƙwan shaho da aka tara a gidajen ajiya tsawon shekaru, ya gano cewa ɓawon ya fara sirancewa daga ƙarshen shekarun 1940, daidai lokacin da maganin ƙwari na DDT ya yaɗu. Waɗanda suka tara ƙwan ba su san za a yi musu wannan tambaya ba. Haka ma ana auna gubar da ke cikin gashin tsofaffin fatu don a san yadda gurɓatar teku ta ƙaru. Kowace fata da aka fige a ɗakin Rist amsa ce ga tambayar da ba a kai ga yi ba, kuma ba za a iya komawa dajin 1857 a sake ɗauko ta ba.

Laifin sata na wanda ya fasa taga ne. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Fiye da shekara guda ana sayar da fatun da kowa a cikin harkar ya san ba a samun irinsu cikin sauƙi, masu saye kuma suna biya ba tare da sun matsa da tambaya ba. Har yau akwai fatun da ba su dawo ba.

Hujjar masu neman na asali

Masu wannan ra'ayi ba duka ne marasa kunya ba, kuma hujjojinsu sun cancanci amsa. Ta farko ita ce, wanda ke raya tsohon aiki dole ya yi shi da kayan da aka yi shi da su, kamar mai gyaran tsohon gini da ba zai liƙa siminti a bangon ƙasa ba. Ta biyu, gashin da aka rina ba ya kai ainihin shuɗin tsuntsun, kuma gwani yana gane bambancin. Ta uku, da yawa daga cikin gashin da ke hannun mutane tsoho ne, an ciro shi daga hulunan kakanni ko tsofaffin akwatunan masunta, don haka babu tsuntsun da ya mutu saboda su.

Hujja ta farko tana rushewa idan aka buɗe littattafan kansu. Jerin kayan Jock Scott na Kelson ya bambanta da na Pryce-Tannatt, to wanne ne asalin? A cikin fiffiken da dukansu suka bayyana akwai farin gashin tsuntsun ruwa da aka rina, ke nan rini yana cikin sana'ar tun daga tushe. Tsuntsun nan mai jan ƙirji kuma, da suke kira hankakan Indiya, ba hankaka ba ne, ba kuma daga Indiya yake ba, ɗan Amurka ta Kudu ne. Mutanen da suka rubuta jerin kayan launi da siffa suke nema, daga abin da kantin Landan ke da shi a shekararsu. Wanda ya bi hanyarsu da gaske zai duba abin da ke samuwa ta halal a zamaninsa, ya sarrafa shi.

Hujja ta biyu tana da ƙamshin gaskiya. Shuɗin wasu tsuntsaye ba daga wani sinadarin launi yake fitowa ba, daga yadda ginin gashin ke karya haske ne, shi ya sa rini ba ya kamo shi daidai. Amma bambancin da sai gwani ya kusanto da idonsa zai gani, shi ake so a auna da rayuwar tsuntsun da dajinsa ke ƙarewa. Ɗaya daga cikin waɗannan shuɗɗan tsuntsaye, wanda ke dajin gaɓar Barazil, yana cikin masu fuskantar barazanar ƙarewa, kuma yarjejeniyar CITES, wadda aka sa wa hannu a 1973 don tsara cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, ta sa shi a rukunin da aka hana ciniki. Ido yana iya haƙuri da ɗan ragin haske.

Hujja ta uku ita ce mafi haɗari, domin gashi ba ya zuwa da takardar haihuwa. Silin da aka cire daga hular 1890, da wanda aka fige daga fatar Tring, da wanda aka harbo bara, duk kama ɗaya suke a cikin leda. Muddin ana biyan kuɗi mai tsoka don "tsohon kaya", to an buɗe ƙofar da sabon kaya zai shigo da sunan tsoho. Kuma duk hoton ƙudan da aka yaba saboda gashinsa na ainihi ne, yana koya wa ɗan koyo cewa shi ma ba zai kai ba sai ya samu. Tsohon kaya yana ƙarewa, sha'awar kuma tana ƙaruwa, giɓin da ke tsakani kuwa ɓarawo ne ko maharbi ke cike shi.

Inda darajar ta kamata ta koma

Mafita ba ta buƙatar kowa ya ajiye zarensa. Mafi yawan kayan Jock Scott daga tsuntsayen da ake kiwo suke: zabo, talotalo, ɗawisu, jimina, agwagwa, zakara, har da mai tukkun zinariya. Zakaran dajin Indiya mai gashin wuya kamar an ɗiga masa kaki, wanda dokar Indiya ta kare, yanzu ana kiwonsa a Turai. Wasu gidajen namun daji a Amurka sun ɓullo da tsarin tattara gashin da babban tujen Afirka ke zubarwa da kansa, a raba wa masu ɗauri kyauta, don a karya farashin da ke sa a harbe shi a daji. Ga 'yan tsuntsayen da suka rage kuma akwai madadin da ake yi da farin gashi da rini, kuma akwai gwanayen da suka mai da haɗa wannan madadi fanni mai zaman kansa.

Abin da ya rage shi ne sauya abin da ake yabo. Masu shirya gasa da baje koli suna da ikon cewa ba za a karɓi ƙudan da ke ɗauke da gashin tsuntsun da aka kare ba, sai da shaidar inda ya fito. Manyan gwanaye suna da ikon nuna mafi kyawun aikinsu da madadi, su kuma faɗa a fili, domin abin da babba ya yi shi ƙarami ke kwaikwayo. Mai saye kuma yana da tambaya guda da ba ta cin kuɗi: daga ina? Wanda ya kasa amsa ta, ya riga ya amsa. Idan aka cire gashin da kuɗi kaɗai ke sayowa, abin da za a auna shi ne kwanciyar alharini, da miƙewar fiffike, da ƙanƙantar kai. A nan ɗalibi mai gashin zabo yana iya kayar da attajiri, kuma sana'ar da ke ba da wannan dama ita ce mai daɗewa.

Akwai kuma wanda aka manta da shi a cikin duk wannan muhawara, wato kifin. A Disamban 2023 ƙungiyar IUCN, mai kula da jerin halittun da ke cikin haɗari, ta sanar cewa yawan salmon na Atlantika a duniya ya ragu da kashi 23 cikin ɗari tsakanin 2006 da 2020, ta kuma sa na kogunan Birtaniya a rukunin masu fuskantar ƙarewa. Ɗumamar ruwa, da madatsun da ke tare masa hanya, da gurɓata, da ƙwarin da ke yaɗuwa daga gonakin kiwon kifi, duk sun taru a kansa. A Sukotland yanzu fiye da kashi 90 cikin ɗari na salmon da aka kama da sanda ana mayar da su ruwa da ransu. Masunta sun yarda su sauya al'adar da ta fi ƙudan ado tsufa, wato ɗaukar kifi a kai gida, domin sun ga abin da ke faruwa a kogi. Abin da ake nema daga masu ɗauri bai kai wannan nauyi ba. Ana so ne su bar wa dajin Barazil 'yan tsuntsayensa, su bar wa gidan ajiya takardunsa, su ci gaba da aurar da gashin zabo da na talotalo kamar yadda aka koya musu.